Gishirin da Na Binne a Gonar Baba

Gonar Baba tana bayan Gwagwalada, kafin a gangara kogin Usuma. Ƙasar wurin ja ce mai tsakuwa, ba ta da wani ƙarfi na kanta. Abin da ya riƙe ta shi ne shanun Bappayo. Duk shekara idan an yanke dawa, Bappayo zai sauko da garkensa, ya kafa bukkoki a gefen gonar, shanu su ci kara su bar mana taki. Bayan kwana biyar ko shida sai ya matsar da makwancinsu gaba kaɗan, haka haka, kafin rani ya ƙare ko'ina ya samu. Shekara goma sha tara ana yin wannan. Babu takarda, babu shaida. Baba yakan kai masa damin dawa, matarsa Fatu takan aiko mana da nono, shi ke nan. Maƙwabtanmu masu irin ƙasarmu sun daɗe da barin gonakinsu, sun nausa daji suna saran sabon wuri, tafiyar rabin yini. Mu kuwa muna nan kusa da gida, albarkacin mutum ɗaya.

Ni sunana Audi. Gyaran keke nake yi a bakin kasuwa. Aji uku na yi a makaranta aka cire ni, don haka abin da zan rubuta, yadda ya zo mini haka zan sa shi.

Shekara uku bayan samun mulkin kai na san Saja Yamusa. Tsohon soja ne, a sashen buga waya ya yi aikinsa, yanzu yana zaune a garin Abuja. Yana da takardar izini ta gwamnati, yana da akwatin rediyo mai ji da mai magana, kuma duk Lahadi da hantsi, in ya dawo daga sujada, yakan yi hira ta iska da abokansa masu irin wannan sha'awa. Akwai wani Enoch a Kaduna, akwai wani a Jos. Ranar kasuwa yakan zo Gwagwalada sayen doya a kan wani tsohon babur, ni nake ɗaure masa sarƙa. Da ya ga na cika tambaya, sai wata rana ya kunto wani akwati daga bayan babur ya dire a gabana.

“Injiniyan keke, ga shi. Ji kawai yake yi, ba ya magana. Kamar mutumin kirki.”

“Saja, ni ina zan iya wannan?”

“Wanda ya iya miƙe ƙafar keke ai ya iya haƙuri. Sauran duk waya ce.”

A cikin gari babu filin da zan ja eriya, sai na kai kayan gona, inda muke da bukka. Na haɗa gora biyu na kafa, na ɗaure ta da igiya ta fuska uku. Na hau ɗorawar da ke tsakiyar gonar na ɗaura ɗaya bakin wayar eriyar. Wayar jan ƙarfe ce, ƙafa sittin da shida, Saja da kansa ya auna. A kowane baki na sa wuyan kwalba don kada wayar ta taɓa itace. Wata wayar kuma ta fito daga bayan akwatin, na naɗa ta a jikin wani guntun ƙarfe na buga a ƙasa. Ita ce wayar ƙasa. Baba ya zo ya tsaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

“Shanya za ka yi wa tsuntsaye?”

“Magana zan kamo, Baba.”

“To. In ka kamo, ka tambaye ta yaushe za a yi ruwa.”

Lahadi ta farko na ji Saja tar, kamar yana zaune a ƙofar bukka. Amma in ya yi shiru don Enoch ya amsa, sai in ji kamar ana watsa tsakuwa a kan kwanon rufi. Can ƙasa-ƙasa akwai mutum yana magana, na san akwai, amma ko kalma ɗaya ba ta fitowa. Na ƙara wa gorar tsawo. Na juya wayar ta kalli wani gefen. Na kankare duk inda aka haɗa da wuƙa har ya yi ƙyalli. Lahadi huɗu ina haka.

A ta biyar sai Saja ya ɗauko maganata a gaban abokansa. Gefensa kaɗai nake ji, Turanci da Hausa a gauraye.

“A'a Enoch, ba tsawo ba ne, ni na auna. Kai dai komai sai ka ce tsawo. Itacen? Ya sa kwalba mana, ba sakarai ba ne. Kai mutumin Jos, bari ya gama. Eh. Jar ƙasa ce, busasshiya. To ka ga, yanzu ka yi magana.”

Sai ya gyara murya.

“Audi na Gwagwalada, in kana ji na. Enoch ya ce wayar ƙasarka ce ba ta kama ba. Ka haƙa rami, ka zuba gawayi, ka zuba gishiri da yawa, ka mayar da ƙarfen a tsakiya, kullum ka ba shi ruwa. Ni kuma na ƙara maka nawa. Duk wani tarkacen ƙarfe da kake da shi, binne shi a ciki. Ƙarfe ba ya yin yawa.”

Ban taɓa jin sunana ya fito daga cikin akwati ba. Na zauna ni kaɗai a bukkar ina dariya kamar wanda aka yi wa cakulkuli.

Tarkacen ƙarfe kuwa, mai gyaran keke ba ya rasa shi. Ina da gwangwani cike da karyayyun sifok, wato siraran wayoyin nan na ƙafar keke. Na daɗa guntule su da filaya don su shiga ko'ina, kowanne kamar tsawon ɗan yatsa. Ramin ne ya ba ni wahala. Da na kai gwiwa sai na tarar da marmara, diga tana tsalle tana dawowa. Na ce ai wannan ma ya isa. Na zuba gawayi, na watsa sifok, na juye gishiri mudu uku, na rufe, na kwarara tulu biyu na ruwa.

Lahadin da ta biyo na ji Enoch. Ashe muryarsa siririya ce, yana yawan cewa “ka gane ko”. Na ji mutumin Jos yana tari. Ranar kasuwa na faɗa wa Saja duk abin da suka ce, ya buga ƙafa a ƙasa don murna. Ya ce Lahadi ta biyu bayan Kirsimeti wani mutumin Akra zai shigo hirar. In na iya jin sa na rubuta harufan kiransa daidai, wato alamar da ake sanin sa da ita a iska, zai kai ni Kaduna da kansa in fara neman tawa takardar.

Ana cikin haka aka gama yankan dawa, Bappayo ya sauko.

Na je tarye shi tare da Baba kamar kullum. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, sandarsa a bayan wuya. Shi da Baba suka riƙe hannu suna gaisuwa ba sa sakewa.

“Manomi, har yanzu ba ka mutu ba?”

“Ina jiran ka biya ni karan bara da shanunka suka cinye.”

“Ka tambayi dawarka wa ya ciyar da ita.”

Ya dubi wayar da ke sama, ya dubi gorar, ya ce mini, “Ɗan abokina, shanu ba za su sarƙe a igiyoyin nan ba?” Na ce zan kewaye su da ƙaya, na kuwa kewaye. Ramin ne ban tuna da shi ba.

Abin da ban sani ba, ruwan da nake zubawa kullum yana jawo gishirin sama. In rana ta buga, sai saman ramin ya yi fari-fari. Kwana uku da saukarsu na zo da tuluna da safe na tarar da shanu shida sun yi da'ira a bayan bukka, kawunansu a ƙasa. Suna lasa, suna tona da kofato, babba tana ture ƙarama. A gabansu akwai wata fara mai doguwar ƙaho da ake kira Wule. Ita ce take jan garken, kuma tana da ciki. Tun ina yaro nake jin Bappayo yana cewa daga irin shanun mahaifinsa ita da uwarta kaɗai suka rage bayan wata annoba, uwar ma ta mutu.

Bappayo yana tsaye a gefe yana kallonsu. Na gaishe shi.

“Baffa, an tashi lafiya?”

“Lafiya lau. Audi, me ka sa a ƙasar nan? Tun jiya na kore su sau uku, suna dawowa.”

“Gishiri ne, Baffa. Na rediyo.”

“Rediyo tana shan gishiri?”

“Da gawayi.”

Ya tsuguna ya dangwala ya ɗanɗana. Ya tofar. Ya ɗago ya dube ni.

“Gishiri da gawayi. Babu wani abu kuma? Ba magani, ba komai?”

A nan ne. Na sha komawa wurin nan a raina, ban taɓa samun wata hanyar da zan faɗe shi ya yi kyau ba. Sifok ɗin sun faɗo mini a rai a lokacin, ba mantawa na yi ba. Na san in na ce akwai ƙarfe, zai ce a tone a kwashe yau ɗin nan, Baba kuma zai goyi bayansa. Saura kwana tara mutumin Akra ya shigo. In na tone na sake wani ramin, ban san ko zai kama ba. Na ce a raina suna can ƙasa, harshen saniya ba zai kai ba, kuma da an wuce Lahadin zan kwashe.

“Babu komai, Baffa.”

“To madalla. Gishiri ai alheri ne. Bar su su sha, ka hutar da ni sayen kanwa.”

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata ya wuce.

Na dai sari ƙaya na jibga a kan ramin. Da na dawo washegari sun ture ta gefe. Na sake jibgawa, na ɗora dutse. Shanu talatin da wani abu ne, ni kuma ina bakin kasuwa yini guda. Kullum da safe sai in mayar da ƙasar da suka tone, in zuba ruwa, in tafi ban duba da kyau ba. Ba na son in duba.

Lahadin ta zo. Na ji mutumin Akra. Muryarsa tana zuwa tana komawa kamar mai magana a cikin iska, amma sau biyu ya faɗi harufansa, na rubuta su da fensir a bayan kwalin sukari. Na fito daga bukkar da kwalin a hannuna, sai na hangi Wule tsaye ita kaɗai a gindin ɗorawa. Sauran sun tafi kogi. Ta gantsare baya, ta miƙe wuya, ba ta tuƙa. Fatu tana tsugune a gefenta da ƙwarya.

“Inna Fatu, lafiya?”

“Tun shekaranjiya ba ta ci. In ta motsa sai ta yi nishi kamar mutum.”

Na koma bayan bukka na sa hannu a ramin. Ko tono ban yi ba. Sifok suna nan a sama, sun yi tsatsa, a warwatse cikin gawayi da sawun kofato. Na tsince su duka a ranar, na tone har marmara, na kai su kogi na zubar. Ban gaya wa kowa ba.

Kwana shida Bappayo yana fama da ita. Ya jiƙa sassaƙe ya ɗura mata. Ya yi mata hayaƙi. Ya sa ƙarfe a wuta ya yi mata lalas a haƙarƙari. Baba, da ciwon gwiwarsa, ya taka har wani ƙauye a hanyar Kwali ya karɓo wata saiwa wurin wani tsoho da aka ce ya san ciwon dabba. Ni ne nake riƙe mata ƙaho in za a yi ɗura. Bappayo yakan ce, “Sannu Audi, ka bar aikinka saboda mu.” In ce ba komai. Na san faɗa ba zai fito da ƙarfen ba, da wannan nake lallashin kaina. Amma da na faɗa, da ba a ƙona mata fata a banza ba, da Baba bai yi wannan tafiyar ba.

Rana ta bakwai da safe ta durƙushe ta kasa tashi. Bappayo ya aika a kira Maude mahauci don kada ta mutu mushe. Shi da kansa ya yanka, ya juya baya ya tafi bukkarsa. Ɗan maraƙin da ke cikinta ya riga ya yi gashi.

Ina nan tsaye Maude ya farke tumbi. Ya tsaya. Ya sa yatsa biyu ya zaro wani abu, ya goge a zaninsa ya ɗaga.

“Kai! Wannan ai ya huda ya wuce har wajen zuciya. Ina ta samo ƙafar keke a daji?”

Duk Gwagwalada mutum ɗaya ne yake gyaran keke.

Da la'asar Bappayo ya zo gidanmu. Bai taɓa zuwa ba tare da ya yi wa Baba tsiya tun daga ƙofa ba. Ran nan sallama kawai ya yi. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya zauna, suka gaisa. Sai ya kwance bakin rawaninsa ya fito da sifok ɗin, a wanke tas, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Ɗan abokina, ga ƙarfenka.”

Na karɓa. Baba ya dube ni. Na ba da labarin duka, tun daga maganar Saja har zuwa kogi, kaina a ƙasa. Da na gama Baba ya fara rantsuwa bai sani ba, ya ce akuyoyinsa duka a kora wa Bappayo, ya ce rumbun dawa a buɗe a ɗiba. Bappayo ya ɗaga hannu.

“Manomi, bari. Saniya tana mutuwa. Wanda ya ba ni ita ya karɓi abinsa. Da kura ce ta kama ta, zan tashi daga gonarka? Da yaron nan ya binne ƙarfe ya manta, ai ƙaddara ce, sai mu ci naman tare.”

Sai ya ci gaba. Bai dube ni ba.

“Na tambaye shi. Na tsuguna na ɗanɗana ƙasar da bakina, na ce babu wani abu kuma? Ni na ce a bar su su sha. Da bakina.”

“Yaro ne, Bappayo.”

“Ba yaro ba ne. Shi zai gaji gonar.”

Kwana biyu bayan haka suka ɗaure kaya a kan bijimai. Rani ko rabi bai yi ba. Fatu ta wanke ƙwaryar da ta ara wurin Innata, ta aiko mata da ita. Rabin gonar na gabas ya samu taki, rabin na yamma bai samu ba.

Ranar kasuwa Saja ya zo. Na gaya masa. Ya cire hularsa ya sosa kai.

“Assha. Abu bai yi daɗi ba. Amma ramin naka ƙafa nawa ne?”

“Zuwa gwiwa.”

“To ka ji! Ƙafa huɗu ake yi, aƙalla. Ai da ka tambaye ni. Kuma wa ya ce ka guntule su? Dogon ƙarfe ya fi kamawa.” Sai ya matso. “Amma dai ka ji mutumin Akra?”

Na ce na ji. Ya ce to maganar Kaduna tana nan. Na ɗaure masa sarƙarsa, na ce zan yi shawara. Ba mugun mutum ba ne. Shi dai bai taɓa riƙe ƙahon saniya ba. A makon na sauke wayar, na tuge gorar, na ba direban wata mota akwatin ya kai masa Abuja.

Da damina dawar gabas ta yi kamar yadda ta saba. Ta yamma ta tsaya iya ƙirji, zangarniyarta kamar ta gero. Wanda ya bi ta hanya yana iya ganin inda shanu suka tsaya, kamar an ja layi da igiya. Baba bai taɓa zagina ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai dai in muna noma a wannan gefen ba ya waƙar da ya saba.

Da aka sake yanke dawa, Baba ya hana a kwashe kara. Ya ce a bar shi yadda yake. Kullum da hantsi yakan je gona ya zauna a gindin ɗorawa yana fuskantar hanyar da suke saukowa. Mako biyu yana haka. Sai wani masunci ya gaya mana ya ga bukkokin Bappayo a ƙetaren Usuma, a gonar wani mutum da ake kira Wakili.

Baba ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya ɗauki damin dawa mafi kyau daga na gabas. Na ce zan ɗaukar masa. Ya ce a'a. Na raka shi bakin kogi, na tsaya ina kallo ya tattare riga ya ratsa ruwan da damin a kafaɗa, a hankali saboda gwiwar. Na zauna a kan dutse ina jira.

Rana ta karkata kafin ya dawo. Babu damin a kafaɗarsa, sai zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce an karɓa. Ya hau gaɓa ya zauna kusa da ni yana matse bakin rigarsa.

“Baba, ya kuka yi?”

“Ya karɓe ni da kyau.”

“To zai dawo?”

“Ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Ya sa an dama mini fura a sabuwar ƙwarya. Ya tambayi Innarka, ya tambaye ka. Ya rako ni har bakin ruwa.” Ya daɗe yana kallon kogin. “Malam yake ce mini, Audi, ba Manomi ba. Tun da na zauna har na tashi, Malam. Na ce masa har yanzu bai mutu ba? Sai ya ce alhamdu lillahi.”

Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar.

“Gobe ka wasa gatari biyu. An ce akwai daji bayan Dobi da ba a sara ba tukuna. Ka gaya wa Innarka ta dafa mana abin da zai kwana uku.”